Ragon Lamba Goma Sha Biyu

A wata makaranta a Daura akwai wani yaro da bakinsa ya fi shi girma. Shi ne shugaban kulob ɗin kwamfuta.

"Daga yau ba dabbar da za ta ƙara ɓata a unguwarmu," in ji shi. "Ko kaza ce, kwamfutata ta san kakanta."

Aikin dai na kulob ne gaba ɗaya. Sun yi jadawali biyu. Na farko na masu dabbobi, kowa da lambarsa. Na biyu na dabbobi, kowace da lambar mai ita, har a kunnenta.

Wata rana gwanin namu ya ga Mainasara sau biyu a jadawalin farko. Ya ce maimaici ne, ya goge ɗaya, bai gaya wa kowa ba.

Ran Laraba sai ga Baba Auta maigadi da wani rago a igiya.

"Ya cinye mini zogale. Kai mai kwamfuta, nemo mai shi kafin a tashi!"

Yaro ya duba kunnen rago, ya ga sha biyu. Ya duba jadawalin farko. Sha ɗaya, sha uku. Babu sha biyu.

Malam Abbas, malamin kulob, ya leƙo. "Ina sha biyu?"

"Malam, Mainasara biyu na gani."

"Ai biyu ne! Ɗaya tela, ɗaya mai gyaran babur. Suna yakan zo ɗaya, lamba ba ta zuwa ɗaya. Lambar mutum a jadawalinsa ita ce babban mabuɗi. Idan ta je jadawalin dabbobi, sunanta baƙon mabuɗi. Ka goge mutum, ka bar dabbobinsa marayu."

Yaro ya ɓace bayan aji na ɗan lokaci. Da ya dawo, sai ya ɗauko littafin da suka fara rubuta sunaye. Sha biyu: Mainasara tela. Ya mayar da shi da lambarsa. Nan take dabbobi tara suka sami ubangida.

Malam ya nuna masa wata ƙa'ida da ke hana goge mutum muddin yana da dabba a jadawali, yaro ya saka ta. Ya gwada gogewa, kwamfuta ta ƙi.

"Kada ka cire abin da wani ya dogara da shi sai ka duba," in ji Malam.

Aka raka rago da tafi da shewa har shagon tela. Ashe ragon suna ne, gobe za a yanka! Mainasara ya yi ta sa albarka.

A gida yaro ya gyara zama. "Da gangan fa na goge, don in gwada kwamfutar."

Ƙanwarsa Zinariya ta ce, "To, Yaya, kukan da na ga kana yi a bayan aji fa? Hularka kake gwadawa, ko tana shanye hawaye?"