Mafarauci da Kaskon Karensa

Can a wani zamani, an yi wani mafarauci mai cika baki, yana da wani baƙin kare. Duk wanda ya shigo gidansa sai ya ji, "Karena ba ya cizo."

Yana da 'ya, Tasalla, ba ta daɗe da fara tafiya ba. In baƙi sun zo, sai ya zuba wa kare ƙasusuwa a kasko, ya ce, "Tasalla, je ki ɗauko ɗaya." Ta je ta ɗauko, kare ya yi gurnani, shi kuwa ya yi ta ƙyaƙyata dariya.

Mahaifiyarsa ta ce, "Kai, ba a taɓa abincin kare yana ci. Ba ka jin gurnaninsa?"

Ya ce, "Haba Inna, wasa yake. Karena ba ya cizo."

Ran nan suka dawo daga daji, kare ya wuni bai ci komai ba. Abokan farauta na zaune, gogan naka ya ga wurin nuna isa. Ya ajiye kasko, ya tura yarinya. Tana miƙa hannu, kare ya cafke. Da ƙyar aka ƙwace ta, jini na zuba.

Ana ɗaure mata hannu tana tsala ihu, shi kuma yana ta rantsuwa wai karen bai taɓa cizo ba.

Tsohuwarsa ta dube shi sheƙeƙe, ta ce, "Kai da ka fi kowa saninsa, me ya sa ba ka taɓa sa naka hannun a kaskon ba?"