Wanda Aka Tsamo Daga Dam

Ranar da Boikanyo ya fara ganin Tshiamo, ranar ya tafka abin kunyar da bai taɓa yin irinsa ba.

Ana ta shirin gasar tseren kwale-kwale ta duniya a dam ɗin da ke bayan Pretoria, shi kuwa yana cikin masu jera balo-balon da ke raba layukan tsere. Da hantsi ya taho a jirgin injinsa, sai ya hango wata budurwa cikin siririn kwale-kwale, tana tuƙi kamar a ruwa aka haife ta. Kallo ya ɗauke masa hankali, bai rage gudu ba. Igiyar ruwan da ya tayar ta daki kwale-kwalen, ya kife da ita.

Bai yi wata-wata ba ya faɗa ceto. Sai da ya ji shi tsundum ya tuna rigar kariyarsa na kan kujera, iyonsa kuma bai wuce na rafin ƙauyensu ba. Ita ce ta damƙo wuyan rigarsa ta ja shi gaɓa, a gaban kociyoyi da baƙi.

"Sannu mai ceto," ta ce tana haki. "Ka ƙoshi, ko a ƙaro maka ruwan?"

Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa: "Tshiamo ce, wadda ka ceta. A ofis na karɓi lambarka. Ka farfaɗo?"

Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa: "Ki yafe mini don Allah. Ko ido ba zan iya haɗawa da ke ba."

"To ka kalli ƙasa, amma gobe ka zo ka kama mini kwale-kwale."

Ya zo. Tun yana ɗaukar kwale-kwale kansa a sunkuye, har suka koma cin tuwon masara da gasasshen nama a kwano ɗaya. Tana kiransa Kifina, yana kiranta Sarauniyar Ruwa.

Ashe Tumisang, kyaftin ɗin 'yan wasa maza, wanda ya daɗe yana bin Tshiamo tana zillewa, ya ɗauki bidiyon abin da ya faru. Ya saka masa kiɗa ya watsa. Duk inda Boikanyo ya gitta sai ya ji an ce, "A kawo bokiti, ga kifi ya fito!"

Tumisang ya tare shi a wurin ajiye jirage. "Abokina, wa kake tsammani ya fara tura bidiyon in ba Tshiamo ba? Tana ta dariya har da hawaye."

Boikanyo ya roƙi a mayar da shi can ƙarshen dam, inda ba kowa sai tsuntsaye. Saƙonnin Tshiamo suka yi ta shigowa.

"Kifina, shiru?"

"Baba ya ga bidiyon, ya ce in rabu da kai. Na ce a'a. Kai kuma ka ɓuya?"

Ya karanta, kunya ta hana shi amsawa.

Ana gab da zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa, sai ga kwale-kwalenta ya doso shi. Ta rame, idonta ya yi ja.

"Koci ya ce hankalina ba ya jikina, zai ba wata gurbina," ta ce. "Me na yi maka?"

"An ce ke kika tura."

"Wa ya ce? Tumisang? Kai ka yarda?" Ta tsare shi da ido. "Ni ina faɗa da gidanmu a kanka, kai kana nan kana jinyar kunya."

Wannan kunyar ta fi ta farko ciwo. Ya riƙe bakin kwale-kwalenta da hannu biyu. "Na yi wauta, masoyiyata. Ki koma ki ƙwaci gurbinki. Ni zan je gun Baba."

Ranar Lahadi bayan coci ya durƙusa a gaban mahaifin Tshiamo, Rre Moilwa, tsohon soja mai furfura, hula a hannu.

"Kai ne ɗan bidiyon?"

"Ni ne, Baba."

"Ka kifar mini da 'ya, ta tsamo ka kamar jiƙaƙƙiyar kaza, yanzu kuma aurenta kake so?"

"Haka ne, Baba." Gumi na bin bayansa, amma bai tashi ba.

Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin. "Baban Tshiamo, ka sake kallon bidiyon nan. Maza nawa ne a gaɓa, duk gwanayen iyo? Wa ya faɗa ruwan?"

Tsohon ya shafa gemu. "Ka turo kawunnanka," ya ce. "Kuma ka koyi iyo."

Tshiamo ta samu gurbinta. Kawunnan Boikanyo suka zo da sassafe cikin kwat da huluna, aka karɓi shanun sadaki, aka sa biki bayan gasa. A ranar, bisa al'adarsu, gwaggonsa ta yafa wa amarya bargo a kafaɗa, mata suka ɓarke da guɗa.

Rre Moilwa ya kama hannuwansu ya haɗa cikin nasa. "Ki je ki yi tserenki, 'yata, gida biyu ne za su yi miki tafi bana. Allah ya ba ku zuri'a, ya sa ku tsufa tare."

"Amin!" in ji tsakar gida baki ɗaya.