Bakin Bututun Stojan

Ranar Talata aka sace bakin bututun Stojan Petrevski daga maƙerarsa a Port Kembla. Da ya ga gurbin, sai ya yanke jiki ya faɗi. Bai sake magana ba.

Bakin na jan ƙarfe ne, mai ramuka a murɗe, irin wanda ke hura iskar oksijin cikin tanderun narka ƙarfe. Ranar Juma'a za a kai shi kotu a Sydney, inda wani kamfani ke cewa shi ya fara ƙirƙiro murɗaɗɗun ramukan. In babu shi, Stojan tsoho ne kawai mai labari.

Sajan Hartigan na 'yan sanda ya tsuguna gaban bututun. An kwance notunan da ke riƙe da bakin da ƙyar, har sun gurje, ga ɗigon jini a gefe. Kusa da su gwangwanin man fesawa na zaune da ƙurarsa.

Injiniyan kamfanin, wanda aka fara zargi, yana Melbourne tun Lahadi, da shaidu masu tsada. Saura mutum biyu masu makullin maƙerar.

Na farkon, Goce, ɗan ƙanwar Stojan, tsofaffin ƙarafa yake sayarwa.

"Jan ƙarfe na kuɗi yanzu," in ji Hartigan.

"Ni ɓarawo ne ƙarami, Sajan, amma ban kai ga kawuna ba."

"In noti ya ƙi kwancewa, me kake yi?"

"In fesa masa mai mana. Wannan ma tambaya ce?"

Na biyun Enzo Pellizzer ne, wanda suka tsufa tare da Stojan a bakin tanderu. Ya buɗe ƙofa da hannun hagu, na daman yana cikin aljihu.

"Yaya ɗan taurin kan?" ya tambaya.

"Yana asibiti. Dattijo, mu ga hannunka."

Yatsun duk filasta.

"Da ɓarawon titi ne, da ya fesa mai ya wuce," in ji Hartigan. "Wanda ya yi aiki da oksijin ne kaɗai zai gwammace ya yanke hannu. Ku kun san in mai ya haɗu da ita, wuta ce. Bututun ya shekara goma ba a hura shi ba, amma hannunka bai yarda ba."

Enzo ya koma ciki, Hartigan ya bi shi. Bakin bututun na kan teburin kicin, a naɗe cikin farin ƙyalle mai tsabta.

"Nawa kamfanin ya yi maka alkawari?"

"Kada ka zage ni a gidana. Ni na murɗa ramukan nan. Ni. Stojan ya kai takardar rajistar ƙirƙirar da sunansa kaɗai, na yi shiru, don matarsa na jinyar ajali a lokacin. So nake ya zo nan da ƙafarsa ya roƙe ni."

Hartigan ma ya binne tasa matar, ya san yadda shiru ke ruɓewa. Ya ɗauki ƙyallen.

Stojan ya rasu ranar Alhamis da hantsi. A farfajiyar asibitin 'yarsa Biljana ta ji sunan ɓarawon daga bakin Hartigan.

"Baba ya yi ta maimaita abin da zai faɗa wa alƙali," in ji ta. "A kicin, da ƙarfi, don kada Turancin ya kuɓuce masa."

"Me zai ce?"

"Ramukan na Enzo ne. A rubuta sunansa kafin nawa."