Damisa Mai Ƙafa Ɗaya

Ƙarfe tara na safe aka buga wa Sufeto Rautela waya: damisa ta kashe baƙuwa a tsohon masaukin gandun daji. Turawa ne suka gina shi da dutse da katako don su riƙa harbin namun daji. Yanzu masu hali daga Delhi ke kwana a ciki don su ɗauke su hoto.

Gawar na bakin rafi, bayan kicin. Sunanta Sunaina Bhasin. An fasa mata ƙeya, an yage wuya, ga sawun damisa raɗau a laka kewaye da ita. Shugaban gandun har ya aika a kira maharbi. Rautela na sa hannu, za a harbe dabbar a rufe fayil.

Mijin, Ashwin Bhasin, na zaune a baranda da kofin shayi. Kukansa da sauti, ba hawaye.

"Na ce kada ta fita, Sufeto. Ta ce sai ta ga tsuntsaye. Ta taga na hango abin ya ja ta."

"Ka yi ihu?"

"Muryata ce ta ɗauke."

"Ga shi ta dawo," in ji Rautela.

A kicin ya tarar da kuku, tsoho Khim Singh, yana murza alkama.

"Baba, me ka ji?"

"Ba komai, Yallaɓai. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Damisa ko hamma ta yi, sai birai sun sanar da duniya. Yau ko tari ba su yi ba."

Rautela ya koma rafi da mai gadin daji, Pushkar Dhami. Dhami ya tsuguna ya daɗe, sannan ya tofar da yawu.

"Sawu goma sha bakwai, Yallaɓai, duk na ƙafar baya ta hagu. Sai dai in ɗingishi take kamar mai wasan langa."

"Me ya sa ta hagu?"

"Sawunta muke zuba wa farar ƙasa ta daskare, mu ɗauki siffarsa, in muna ƙidayar damisa. Ita kaɗai. Zubin suna nan jere a kabad ɗin falo."

A kabad ɗin akwai gurbi guda babu ƙura. Takardar da ke ƙasansa ta ce damisar rafi ce, shekarar 1987.

An samu zubin cikin jakar Bhasin, naɗe a rigar barci, laka ba ta gama bushewa ba. Rautela ya dire shi kusa da kofin shayin.

"Damisarka ta mutu tun kafin ku yi aure, Bhasin. Ta yi ƙoƙari."

Bhasin ya dubi abin.

"Cewa ta yi in mun koma za ta tafi gidan ƙaninta. Shekara ashirin da shida da aure! Da wane ido zan dubi mutane?"

"Da dutse?"

"Da dutse. Wuyan kuma da manjagarar lambu."

Akwai mazan da za su ba da sauran kwanakinsu don matar da suka rasa ta sake yi musu faɗa sau ɗaya. Wannan kuwa, da aka sa masa ankwa, roƙonsa guda ne: a fitar da shi ta baya, kada baƙin ɗaki na biyu su gani.

Rautela ya bi da shi ta tsakiyar falo, baƙin suna karya kumallo.