Ƙwanso na Bakwai

Gab da magariba Kadzo ta koma ɗakin bincike don ta kashe injin awo. Shekara uku ke nan tana bin abu ɗaya a wannan gaɓar teku ta Kilifi: ɗan guntun zaren sinadarin furotin da ke cikin dafin dodon koɗin teku. A ruwa zaren yakan saki jiki. A sifirit, ruwan da ke hana abu ruɓewa, sai ya murɗe kamar igiya. Ta auna wannan har ta gaji da aunawa.

Baba Charo, masuncin da ke kawo mata dodon koɗin, yana zaune a bakin ƙofa. Ƙa'idarsa ce, duk wanda aka cire wa dafi, ƙwansonsa ya koma teku kafin rana ta faɗi.

"Dakta, bakwai na kawo, shida kika mayar mini."

"Na bakwan yana cikin sifirit, Baba. Sai na ba shi lamba tukuna."

"Lamba? Mai ƙwanson ya yi boko ne?" Ya miƙe yana karkaɗe zanensa. Ya rage murya. "Ni dai na yi gaba, 'yata."

A ciki, warin sifirit ta saba tararwa. Yau ƙarnin teku ta ji, irin na lokacin da ruwa ya janye.

Injin yana aiki shi kaɗai. Babu komai a cikinsa, amma layin da ke kan allonsa yana nuna murɗewa.

Ƙas. Ƙas.

Daga kwalbar da ta sa na bakwan ne. Ƙwanson yana juyawa a hankali cikin sifirit, yana taɓa gilashi.

Wayar fitila ta fara naɗewa. Bakin gyalenta ma haka.

Ta miƙa hannun dama za ta ɗauki kwalbar. Ƙaramin yatsanta ya lanƙwashe. Na kusa da shi ya bi. Ta ji ƙashin wuyan hannunta yana juyawa, a natse, kamar ana matse wanki.

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a kunnenta.

"Sake ni."

Abin da ya zo mata shi ne abin da ta rubuta sau ɗari: a sifirit ya murɗe, a ruwa ya saki.

Da hannun hagu ta kifar da kwalbar. Ta damƙi ƙwanson, yana da ɗumi kamar mai rai, ta tsoma shi da hannun daman cikin tankin ruwan gishiri.

Wayar ta miƙe. Injin ya mutu. Yatsunta suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Ban da ƙaramin.

Har yau a naɗe yake. Ta koyi riƙe alƙalami a haka. Kullum da la'asar ita take kai duk ƙwanson ranar bakin teku da kanta, Baba Charo yana biye da ita yana ƙirgawa. A littafin aikinta, tsakanin lamba shida da takwas, layi ɗaya ne fari fat.