Tasar da Ladingo Ta Ba Tabawa

Gwaggona Yalwa ce ta fara ba ni wannan labari, muna ɓarar gyaɗa bayan isha'i. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba.

A kasuwar Laraba ta garinsu akwai wata mata, Tabawa, mai sayen tsofaffin tasoshin tagulla tana sayar wa 'yan birni masu neman kayan da. Ita ba da ido take gane tasa ba. Ido ana cutarsa: a ƙera sabuwa, a binne a turɓaya wata uku, ta fito kamar ta kakanni. Tabawa da zobenta take ƙwanƙwasa bakin tasa, ta kara a kunne. Jabu takan ce "kwas" ta yi shiru. Ta gaske kuwa sai ta yi ta kuka.

Tabarma ɗaya suke shimfiɗawa da ƙawarta Ladingo, shekara goma sha bakwai. Tabawa ce ta yi mata wankan jegon 'ya'yanta huɗu.

Wata Laraba Tabawa ta je suna, ba ta ci kasuwa ba. Da mako ya zagayo, ana naɗe kaya, Ladingo ta zaro wata tasa daga ƙarƙashin zane.

"Ungo, ƙawa. Kyauta."

"Ke da ko goro sai kin raba huɗu?"

"Karɓi dai. Ki tafi da ita gida yau."

Ladingo ba ta kalle ta ba da ta faɗa.

Tabawa ta ƙwanƙwasa. Tasa ta ɗauki kuka siriri, ta ƙi yin shiru. Ta dafe ta da tafi, ba ta daina ba. Ta naɗe ta a zane, ta ɗora a ka. Daɗi ya hana ta tunani.

Ladingo ta ce za ta biya gidan yayarta. Tabawa ta kama hanyar ƙorama ita kaɗai, rana ta yi ja.

Daf da tsamiyar mashaya, kwaɗi suka yi tsit. Tasa kaɗai ke kuka a kanta.

"Sannu, 'yar nan."

Wata tsohuwa ce a gefenta, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ba ta ji zuwanta ba. Ta duba yashi. Sawu na mutum ɗaya ne, na ita Tabawa.

"Sannu, Iya."

"Tasata ce a kanki."

Muryar ba daga bakinta take fitowa ba. Daga cikin tasar take fitowa.

Tabawa ta durƙusa, ta sauke, ta kwance zane.

"An ce ke ce mai kunne," in ji tsohuwa. "Mece ce darajarta?"

Tabawa tana iya cewa ba ta sani ba. Amma ba ta taɓa yi wa tasa ƙarya ba.

"Iya, wannan ta girmi kakar kakata. Dubi sawun guduma, ba biyu da suka yi daidai. Duk kasuwarmu babu mai kuɗinta."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta. Idonta ba ya ƙiftawa.

"Waccan Larabar na kawo ta tabarmarku. Abokiyar zamanki ta ce gwangwani ne da aka shafa wa launi, ta ba ni mudu biyu na gero. Na ce, in haka ne, na yafe. In ba haka ba, zan zo in karɓa a hannun wadda na same ta, in haɗa da hannun. Da na juya, ta ga ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa."

Tabawa ba ta ji tsoro a lokacin ba. Abin da ta ji ya fi tsoro ciwo. Ta tuna idon da Ladingo ta kawar, da gidan yayar da ta ce za ta biya.

Ta miƙa hannun dama, ta rufe ido.

"Janye," in ji tsohuwa. "Ke kin faɗi gaskiya."

Ta ɗauki tasa, ta kara a kunnen Tabawa na hagu. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Kin iya jin tagulla. Daga yau za ki ji mutane. Wanda ya yi miki ƙarya, wannan kunne zai yi kuka."

Kwaɗi suka ci gaba. Ba tsohuwa, ba tasa.

Kada ku ce kyauta ce mai daɗi. Gwaggo ta ce Tabawa ta tsufa ba ta sake tambayar kowa ko yana sonta ba. Ku kuma, kada wanda ya bi hanyar ƙorama shi kaɗai da la'asar sakaliya, balle da kayan da bai san asalinsu ba.

Da gari ya waye, Tabawa ta ɗauki tabarmarsu ta kasuwa ta nufi gidan Ladingo. Ta same ta tana shara. Ladingo ta dubi hannun Tabawa kafin ta dubi fuskarta.

"Ƙawa, kin kwana lafiya? Jiya da ke na kwana a raina, ina ta yi miki addu'a."

Kunnen hagu ya ɗauki kuka.

Tabawa ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta sa wuƙa ta raba ta biyu. Ta naɗe rabinta, ta bar mata rabi.