Layin Dutsen Gaffati

Ana gab da magariba Mahamud ya tayar da babur daga Zango ya nufi Gaffati. Shi ya haɗa wa kamfaninsu na salula na'urar da ke koyon halin masu kira, ta ƙara ƙarfin rezo, wato sabis ɗin waya, inda ake bukata, ta rage inda ba kowa. Ya sha cika baki da ita. Ga ta nan tana neman ba shi kunya: kullum magariba sai ta kwashe ƙarfi ta kai wani dutse bayan ƙauyensu, inda ko akuya ba ta kwana. Shef, shugabansa a wurin aiki, ya ce ya je ya gano dalili.

Mahamud ya san dutsen. Nan kaɗai rezo ke kamawa, nan Inna ke hawa da sandarta duk magariba ta kira shi. Shi kuwa aiki ya yi masa yawa, sai ya kife wayar ya ce gobe. Bara ta rasu.

Da ya isa gindin dutsen ya kashe babur. Gyare suka yi tsit. Ƙanshin turaren wutan Inna ya taso, ba hayaƙi, ba garwashi.

Ƙwas. Ƙwas. Sanda a kan dutse.

Aljihunsa ya ɗauki rawa. Ba lamba. Ya ciro wayar ya kara a kunne.

Numfashi ya fara ji, na mai hawan tudu.

"Mamuda," aka ce cikin raɗa. "Ashe kana ɗauka?"

Muryar tana cikin wayar, tana kuma daf da ƙeyarsa.

Bai waiwaya ba. Ya bar babur da takalmi ɗaya, bai tsaya ba sai a zauren yayarsa Zainaba. Da ta ji, ta yi ta'awizi.

"Yaya, Inna ce," in ji shi.

"Inna tana makwancinta, wayarta na cikin kwallata ko batir babu. Mai dutsen ne. Kullum yana jin ta tana kiran sunanka, ya haddace."

Kunya ta rufe Mahamud, har ta fi tsoron. Na'ura ta san lokacin Inna, aljani ya san muryarta, ɗanta ne kawai bai saurara ba.

Ya gaya wa shef kuskuren lissafi ne, amma ya kasa goge layin dutsen daga na'urar. Yanzu abokan aiki na mamakinsa: ko ana tsakiyar taro, kowa ya kira sai ya ɗauka. In ban da kiran nan marar lamba da ke shigowa duk magariba. Wannan kam sai ya riƙe wayar da hannu biyu, kai a sunkuye, har ta katse.